Motar Malam da Tagogin Gindin Bango

Malamar da ta koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci ta ce duk wadda ba ta son hannunta ya manta alƙalami, ta riƙa rubuta ko da layi biyu ne a mako. Ni kuwa ba ni da abin rubutawa, daga ɗaki sai madafa sai bakin rijiya. Sai da babban ɗana ya fara zuwa gida duk Asabar da Lahadi yana gyaran motar mahaifinsa, sannan na samu abin sawa a littafin. Littafin yana nan har yanzu, mai shuɗin bango. Shi ne a buɗe a gabana nake wannan rubutu.

Motar a-kori-kura ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ba ruwanta da kwalta. Da ita Malam, maigidana, yake bin gefen kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, yana kwaso kwandunan tumatir da buhunan albasa daga gonakin da sauran motoci ba sa iya shiga, ya fito da su bakin titin Kura. In ruwa ya ɓalle ya cika hanya da taɓo, direbobi sai su tsaya su zuba ido, shi kuwa ya sa mata wata giya ta ratsa tana gurnani. Ranar da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, shi da kansa ya ajiye ta a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Shekara uku tana nan. Tayoyi suka sace, gilashi ya dushe, kaji suka samu ƙofar da ba ta rufuwa sosai suka mai da cikinta akurki. Ni kaɗai nake gidan, kullum da safe in na fito shara sai na share har ƙarƙashinta.

Sai na faɗi yadda muke da yaron nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta tsare shi da tambaya. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ya ji ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma Yaya yake ce mini har yau da furfura ta fara fito masa a gemu. In ina son wani abu a wurinsa, ƙanwarsa nake gaya wa, wadda take aure a Dawakin Kudu, in ce, "Ki ce wa yayanki kaza." Matan yanzu suna dariyar wannan kunya, suna rungume 'ya'yansu na fari a gaban kowa. Ban ce sun yi laifi ba. Ni dai haka na tashi na gani, haka kuma na yi.

A birni yake zaune da iyalinsa, yana da shagon iri da maganin feshi. Bayan damina ta ɗauke, wata Juma'a da la'asar sai ga shi da jaka. Washegari ya zo da bakanike, wani dattijo abokin Malam ne tun suna samari, ba ya rabo da barkwanci.

"Uwargida, ashe kaji kika bari suka gaji Malam?" ya ɗago murya daga waje. "Ƙwai bakwai na tarar a kujerar direba."

Ina daga bayan ƙyauren zaure na ce, "To ka tafi da su, ladan duba mota."

"Wannan motar? Ko da kazar kika haɗo mini da zakaran, ni aka cuta."

Ran nan da yamma na rubuta: "Asabar. An ɗora mota a kan bulo, an cire tayoyi." Washegari na ƙara: "Lahadi. An wanke inji da kananzir, yaron ya ɓata rigarsa." Ko a takarda ban iya rubuta sunansa ba.

Haka makonni suka riƙa tafiya. Wani makon a samu ci gaba, wani makon su wuni a ƙarƙashin mota su fito baƙi ƙirin, ba abin da ya motsa. Lagireto ya ruɓe, sai da aka nemo wani a kasuwar tsofaffin kayan mota a birni, aka zo da shi bai zauna ba, aka mayar. Giyar nan mai sa ƙafa huɗu su ja ita ta fi ba su wahala, mako uku suna kanta. Bakaniken ya ce Malam ne kaɗai ya san lallashinta, shi kuma ya tafi bai bar wasiyya ba. Ni nawa girki ne. Tun ranar Alhamis nake tsince wake, in tanadi man gyaɗa da yaji, Asabar da hantsi in tura musu shinkafa da wake zaure. Ranar Lahadi dambu, domin na san yana sonsa tun yana ɗakin kakarsa, ko da yake ban taɓa nuna na sani ba.

A mako na huɗu ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shiga ba, yana kallon rufi.

"Yaya, ɗakin nan yana yoyo ko?"

"Kaɗan."

"Za a gyara."

Iyakar maganar ke nan. Amma ran nan na rasa inda zan sa kaina don murna. Ɗakin nan a cikinsa aka kawo ni amarya. Shi ne babba a gidan, shi ne a kan tudu, ƙofarsa tana kallon inda iska take fitowa daga wajen kanal. A cikinsa na haifi 'ya'yana, waɗanda suka rayu da waɗanda suka koma, a cikinsa Malam ya cika. Na ce a raina yaron nan ya tuna da ni. Har na kai ga tunanin ko so yake ya dawo da iyalinsa gida, in riƙa jin hayaniyar jikoki a tsakar gida.

Ya ce in koma ƙaramin ɗakin da ke jikin madafa na mako biyu, inda Malam yake ajiye taki da injin ban-ruwa. Na share, na shimfiɗa katifata a ƙasa. Aka kwance gadona aka jingine a zaure.

Daga nan aiki ya kasu biyu, bakanike a waje, magina a ciki. Aka yaye tsohon rufi, aka ƙara wa bango tsawo, aka buga sabon kwano. Ba a yi silin ba, sai aka bar fili tsakanin bango da rufi aka zagaye shi da ragar waya. Mako na gaba birkila ya zo da guduma ya huda bangon daga ƙasa, kusa da daɓe, taga huɗu ta nan, huɗu ta can, kowace bai fi faɗin faranti ba, su ma aka sa musu raga. Na tuna na taɓa gaya wa ƙanwarsa cewa zafin bazara yana hana ni numfashi a ɗakin. Na ce ashe ta isar da saƙon. Aka faɗaɗa ƙofa har mutum biyu za su iya shiga kafaɗa da kafaɗa, aka zuba siminti a daɓe, aka kawar da dokin ƙofa aka yi gangare mai santsi har tsakar gida. Wannan kuma na ce saboda gwiwata ne. Sai kafinta ya zo ya jera katako a jikin bango hawa uku, da tazara tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa. Na tsaya ina lissafa inda zan sa langunana da inda zan sa tasoshi, har ina cewa sun yi mini yawa, me zan jera a kanta har hawa uku?

Duk wannan yana cikin littafin, da hannuna. "An huda tagogi don iska." "An gyara ƙofa don ƙafata." Yanzu in na karanta sai in ji kamar wata ce ta rubuta, wata baƙuwa da ba ta taɓa ganin noman rani ba. Ni da na yi shekara fiye da talatin ina yanke lawashi, ina shanya albasa, ina tsince ruɓaɓɓiya daga cikin mai kyau.

Maƙwabciyata, wadda muka yi ajin karatu tare, ita ta fara faɗa. Ta shigo aron turmi wata Litinin, na ja ta in nuna mata ɗakin. Ta tsaya a tsakiya, ta kalli sama, ta kalli ƙasa, ta sa hannu ta girgiza katakon.

"Wa zai kwana a nan, ke ko albasa?"

Na yi dariya. Na ce ai haka ake gini a birni yanzu.

"Birnin wa? Ni ma na je birnin nan. Ɗakin mutum ake huda wa taga a gindin bango? Sai dai in ƙafafunki ne suke numfashi." Ta sake dubawa. "Ke dai tambaye shi."

"In tambaye shi? Ni?"

"Ɗanki ne fa, ba surukinki ba."

Ta ɗauki turminta ta tafi, ta bar ni da maganar. Kwana biyu tana cina. Ranar Laraba na kira ƙanwarsa a waya, bayan mun gaisa na ce, "Ki tambayar mini yayanki, katakon nan da aka jera na mene ne."

Ta yi gyaran murya. Sannan ta ce, "Umma, ai gyara ne. Ki kwantar da hankalinki." Nan da nan ta shiga ba ni labarin haƙorin da ɗanta yake fitarwa. Na kwantar da hankalin nawa kamar yadda ta ce. Ban taɓa kama yarinyar nan da ƙarya ba.

Motar ta tashi wata Lahadi da azahar. Ina madafa ina turara dambu na ji ta yi tari sau biyu, ta mutu, ta sake yi, sannan ta kama. Wannan gurnanin nata ne, ba wata mota da take yin irinsa. Shekara uku ban ji shi ba, kuma duk lokacin da na saba jinsa, sallamar Malam ce take biyo baya. Na zauna a kan kujerar tsugunno na rufe fuskata da gefen mayafi har dambun ya kusa kamawa. Suka zagaya da ita ta gefen kanal har wajen Bunkure suka dawo, taɓo har gilashi. Bakaniken ya leƙo zaure yana goge hannu.

"Uwargida, tsohuwa ta tashi, saura ke. Bana albasar ɗanki ba za ta kwana a gona ba."

Na ce Allah ya sa albarka. Na san ya sa an dasa albasa a gonar mahaifinsa gaba ɗaya, har na ji ana cewa ta yi kyau. Komai yana gabana, ban haɗa ba. Ko kuma in ce ban so in haɗa ba.

Asabar ta gaba yaron ya ce za a yi feshin maganin ƙwari a gidan duka kafin in koma ɗakina, warin zai dame ni, gara in je Dawakin Kudu in kwana biyu. Shi ya kai ni, a motar Malam, a gidan gaba. Sau uku kacal na taɓa zama a kujerar nan a rayuwar Malam. Muna tafe ina kallon gonakin shinkafa da mata masu tsinkar tumatir, ina jin kamar kowa ni yake kallo. Na lura an ɗora akwatunana biyu da katifata a baya. Na ce a raina yaron nan akwai tsantseni, ba ya son magani ya taɓa mini kaya.

A gidan ƙanwarsa na tarar an share mini ɗaki, da sabuwar leda a ƙasa da sabon labule. Na yi mako guda, na yi biyu. In na ce yaushe zan koma, sai ta ce sai yayanta ya ce. Ranar Juma'a ta mako na uku na ninke zannuwana na ce mata gobe zan tafi, awakina suna hannun maƙwabta, abin ya isa. Sai ta zauna a bakin katifa ta fara hawaye.

"Umma, nan za ki zauna. Mun yi magana da Yaya tun da damina. Ke kaɗai a gidan nan, in kin faɗi wa zai ɗaga ki?"

"Tun da damina," na ce.

"Ya ce in an gaya miki ba za ki yarda ba."

"Ranar da na kira ki a kan katako, kin sani?"

Ta share hawaye da gefen zane. Na ci gaba da ninke kayana. Da safe ta biyo ni har bakin titi tana ba ni haƙuri, na ce ta koma, ta bar yaro shi kaɗai. Mota biyu na hau, sannan adaidaita sahu ta ƙarasa da ni.

Tun daga nesa na hango motar. An juyo da bayanta ƙofar gida, cike da buhuna, ma'aikatan gona suna saɓawa suna shiga. Bakaniken yana tsugune yana ɗaure wani abu a ƙafar gaba. Na yi sallama na wuce ta zaure, ta gaban gadona da ke jingine, na bi gangaren simintin da aka yi don gwiwata. Warin ne ya fara tarye ni. An zazzage albasa a kan katakon nan hawa uku, ja jawur, an baje ta yadda iska za ta shiga ta tagogin ƙasa ta fita ta sama. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin ɗakin ajiya da ya kai shi ba. Ƙusar da Malam yake rataye hularsa tana nan, an rataye ma'auni a jikinta.

Yaron yana ciki yana nuna inda za a zuba. Da ya gan ni sai ya durƙusa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ke da wa kika zo?"

Ban amsa gaisuwar ba. Na dube shi a fuska, abin da ban saba ba, na yi masa tambayar farko da na taɓa yi masa baki da baki tun da na haife shi.

"Ɗakina ne wannan?"

Ya sallami ma'aikatan da hannu. Ya yi bayani a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce albasa a kaka ba ta da daraja, kowa ya kwaso tasa ya zube a kasuwa, amma wanda ya iya riƙe ta har damina ta yi nisa shi ne ya yi noma. Ya ce rumfar kara a gona ba ta hana ruwa, ba ta hana ɓarawo. Ya ce duk gidan ba ɗakin da ya kai nawa tudu da iska. Ya ce ni kuma girma ya zo, zama ni kaɗai ba shi da amfani, can ga jikoki, ga asibiti kusa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba inda zan ce ya yi ƙarya. Sai ya ƙara da maganar da har yau take kwana da ni take tashi da ni.

"Kuma ai ban ɓoye komai ba, Yaya. A gabanki aka yi komai. Da kin tambaya da na gaya miki."

"Ka san ba zan tambaya ba."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ka sani," na sake cewa. "Da kunyar nan ka yi aiki."

Bakaniken ya shigo tsakar gida neman ruwan wanke hannu, ya ji ƙarshen maganar. Ya tsaya da buta a hannu. "Wallahi Uwargida na ɗauka da saninki," ya ce. Ran nan ba barkwanci a bakinsa.

Na ce ba zan koma Dawakin Kudu ba. A gidan nan aka kawo ni, daga gidan nan za a fitar da ni. In ɗakin taki ne ya rage mini, to ya ishe ni. Yaron ya ce in yi haƙuri, za a san yadda za a yi, bari dai ya ƙarasa sauke kayan kada rana ta dake su. Ya miƙe ya nufi zaure.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira sunansa. Sunan da liman ya raɗa masa ina bayan labule, wanda na riƙe a ƙirjina shekara arba'in ban bari ya fito ba. Ban ɗaga murya ba, amma tsakar gidan ba ta da faɗi. Bakaniken ya juyo ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Shi kuwa mai sunan bai juyo ba. Ya ci gaba da tafiya har ya shige zaure. Ba na jin raini ne. Kunnensa ne bai san sunan da muryata ba.

Asabar ta gaba ya dawo mini da akwatunana da katifata a bayan motar, ban aika ba. Ya haɗa mini gadona a ɗakin taki, da ƙyar ya shiga, ƙofar ba ta buɗuwa duka sai ta bugi ƙafar gadon. Ya ce da zarar an sayar da albasar za a toshe tagogin, a cire katako, a yi silin.

Duk tsawon bazarar nan da damina ni na kula da albasar. Ba wanda ya sa ni. Na kasa zama ina jin warin ruɓa yana tasowa, in yi kamar ban ji ba. Kowace safiya sai in shiga ɗakina in bi hawa-hawa, in juya, in tsince wadda ta fara laushi a wuya, in fitar. Iska tana shigowa ta tagogin nan ta bugi ƙafafuna, sanyi mai daɗi, irin wanda na yi shekaru ina nema a ɗakin.

An sayar da albasar, motar Malam ce ta kwashe ta zuwa bakin titi, sawu shida. An ce ta yi albarka. Ɗakin ya zauna wayam wata biyu, katakon yana nan, tagogin suna nan. Ran nan maƙwabciyata ta dawo daga gona ta ce ta ga an yafa sabon irin albasa a gonar Malam, ya ma fi na bara yawa.

Na daina tsince wake ranar Alhamis. In yaron ya zo ina ba shi abin da na dafa wa kaina, ya ci, ya gode. Amma yanzu duk Asabar in na ji gurnanin motar daga wajen kanal, sai in ɗauko kujerata in zauna a ƙofar ɗakin taki, inda ba zai wuce bai gan ni ba. In ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa, sannan in tambaye shi yaushe birkila zai zo ya toshe tagogin. Yakan ce mako mai zuwa, in Allah ya so. Da yamma in buɗe littafin in rubuta: "Asabar. Na tambaya." Rabin shafi ke nan na cika da wannan layin.